Zuciyar da Ba Ta Zama Wuri Ɗaya: Yadda Ake Yi wa Maciji Sikanin

Duk matar da ta taɓa zuwa awon ciki ta san sikanin. A kwantar da ita, a shafa mata wani mai mai sanyi da yauƙi a mara, a ɗora kan na'ura ana zagayawa da shi, sai ga inuwa baƙi da fari tana motsi a allo, ma'aikaciya ta nuna wani ɗan ɗigo da ke ƙyaftawa ta ce, “Hajiya, ga zuciyar ɗanki nan.” To wannan na'urar ce dai likitocin dabbobi ke ɗora wa maciji a ciki idan suna zargin zuciyarsa. Na san wani zai yi dariya. Mu a wurinmu maganin maciji sanda, kuma wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani gudu yake, balle a ce ya zo ya riƙe wutsiyar mesa likita zai duba ta.

Amma akwai masu riƙewar, kuma suna da dalilinsu. A Turai da Amurka ana kiwon macizai a gida kamar yadda muke kiwon tattabaru, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi farin jini 'yar yankinmu ce: ƙaramar mesar nan ta Afirka ta Yamma da ke dunƙulewa kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya idan ta tsorata. Dubun-dubatarta ake fitarwa duk shekara daga Togo da Benin da Gana. A hannun mai kiwo takan yi shekara 20 zuwa 30, akwai ma wata a gidan namun daji na St. Louis a Amurka da ta saka ƙwai a 2020 alhali an ƙiyasta shekarunta 62. Dabbar da ta tsufa haka a keji, ga ci babu motsi, ba abin mamaki ba ne wata rana zuciya ta fara gazawa. Ga kuma wuraren tatsar dafi. Maganin saran maciji na EchiTAb da asibitin Kaltungo a Gombe ya daɗe yana amfani da shi, da dafin macizan Najeriya aka haɗa shi, waɗanda aka kwasa aka kai Liverpool ana ciyar da su ana tatsa. Wanda ke ajiye da kububuwa saboda dafinta, lafiyarta ta dame shi ko da ba ya ƙaunarta.

Aikin na'urar amsa-kuwwa ne tsantsa. Ka tsaya gaban dutse ka yi kira, muryarka ta dawo maka. In dutsen na nesa ta ɗan jima, in na kusa ta dawo nan take. A bakin kan na'urar akwai wasu ƙananan abubuwa da ke karkarwa idan lantarki ya ratsa su, sai su harba sautin da kunne ba ya ji. Iyakar kunnen mutum karkarwa 20,000 ce a daƙiƙa, wannan kuwa miliyoyi ne. Sautin na ratsa nama da gudun kimanin mita 1,540 a daƙiƙa, duk inda ya iso iyaka tsakanin abu biyu, tsoka da jini misali, sai wani kaso nasa ya dawo. Na'urar ta lissafa tsawon lokacin da ya ɗauka da ƙarfin da ya dawo da shi, ta zana ɗigo a allo. Jini da ruwa su fito baƙi, tsoka ruwan toka, ƙashi fari fat. Hausawa sun ce gani ya kori ji, a nan kuwa jin ne aka mayar gani.

A 1953 aka fara yi wa zuciyar mutum haka, a garin Lund na Suwidin. Wani likitan zuciya, Inge Edler, da wani masanin fiziks, Hellmuth Hertz, suka aro na'urar da kamfanin ƙera jiragen ruwa na Kockums a Malmo ke neman tsagewar ƙarfe da ita, suka ɗora ta a ƙirji. Ma'aunin karkarwar sauti da ake kira haz ma sunan baffan mahaifin Hertz ɗin ya ci. Maciji sai da ya jira shekara arba'in da wani abu. A 1999 Patti Snyder da abokan aikinta a Jami'ar Fulorida suka wallafa bayanin yadda zuciyar mesar Bama, wato ta ƙasar Burma a Asiya, ke fitowa a allo, sannan a 2006 Lionel Schilliger da Valérie Chetboul da wasu likitocin dabbobi a Faransa suka kawo shawarar tsari guda, na inda za a ɗora kan na'ura da sunan da za a ba kowane hoto, don likitan Paris da na Fulorida su fahimci juna idan suna magana.

Abin da ya sa aka dage a kan sikanin shi ne sauran kayan aikin likita ba sa yi wa maciji abin kirki. Abin sauraron ƙirjin nan da likita ke ratayawa a wuya kusan ba shi da amfani a kansa, domin bugun ba shi da ƙara, ga ƙarar gogar ɓawon fata ta cika kunne. Hoton ƙashi yana nuna inuwar zuciyar, yana iya cewa ta yi girma, amma ba ya nuna abin da ke cikinta. Gwajin lantarkin zuciya yana yiwuwa, sai dai zanen da ke fitowa ƙanana ne ƙwarai.

Wahala ta farko, a ina zuciyar take? Mutum da akuya da kare duk an san inda ake ɗora hannu. Maciji kuwa igiya ce mai haƙarƙari ɗaruruwa, ba kafaɗa ba ƙugu da za a yi alama da su. A yawancin macizan da ke jan ciki a ƙasa zuciya na wajen rubu'i zuwa sulusin tsawon jiki idan aka auna daga hanci zuwa dubura. Masu hawa bishiya tasu takan matso kusa da kai, macizan teku kuma tasu takan ja baya zuwa kusan tsakiya. Harvey Lillywhite, wanda ya ƙare aikinsa a Jami'ar Fulorida, ya shafe shekaru yana nuna dalili. Macijin da ya miƙe tsaye a jikin itace, jininsa na rinjaya ƙasa zuwa wutsiya, don haka sai zuciya ta kasance kusa da ƙwaƙwalwa kafin ta iya kai mata jini. Na teku ruwa ne ke tallafe shi ta ko'ina, bai san wannan matsala ba, shi ya sa in aka ɗaga shi tsaye a sarari jini ke gaza isa kansa. An yi musu a kan ko wannan bayani ya game kowane dangin macizai, amma darasin da likita ke buƙata ya riga ya fito: ya san irin macijin da ke gabansa kafin ya fara lalube.

A aikace abin ya fi sauƙi. A mirgina macijin a sa cikinsa sama, a zuba ido a kan faffaɗan ɓawon ciki, a hankali za a ga wani wuri yana ɗagawa yana sauka. In ba a gani ba a bi da yatsa. To daga nan wahala ta biyu ke farawa, domin zuciyar ba ta zama. Maciji ba shi da ƙashin ƙirji, ba shi kuma da tantanin nan da ya raba ƙirjin mutum da cikinsa. Zuciyar na kwance ne sakaka a cikin jakarta, tana iya zamewa gaba ko baya. Haka aka halicce ta don ta kauce idan ɓera ko zomo ko barewa za su wuce ta kusa da ita a hanyarsu ta zuwa tumbi. Abin da ya zama rahama wajen haɗiya shi ne ciwon kan mai sikanin: ya danna kan na'ura kaɗan, zuciya ta sulale kamar sabulu a hannu. Shi ya sa ake sa babban yatsa a gabanta, wani yatsa a bayanta, a tokare ta ba tare da an matse ba. In an matse da yawa siffarta ta canja, awon ya tashi a banza.

Sai babbar abokiyar gaba, iska. Idan sautin ya fito daga nama ya tarar da iska, fiye da kashi 99 cikin 100 nasa ke dawowa, duk abin da ke bayan iskar ya zama duhu. Wannan ne amfanin man nan mai yauƙi, korar iskar da ke tsakanin fata da kan na'ura. A cikin mace shafawa ɗaya ta wadatar. Cikin maciji kuwa ɓawo ne jere, wani na hawa kan wani kamar kwanon rufi, kuma ƙarƙashin kowane baki akwai 'yar iska maƙale. Sai a lafta man da yawa, a murza shi ya shiga tsakankani, a dakata 'yan mintoci ya jiƙa. Wasu sun fi son su tsoma sashen jikin cikin ruwa mai ɗumi, kai na waje, su yi sikanin ta cikin ruwan. Macijin da tsohuwar saɓa ta maƙale masa ya fi kowanne wuya. A ciki ma iska na jira, domin huhun maciji dogo ne, ƙarshensa jaka ce kawai ta ajiyar iska, kuma yana farawa ne daga wajen zuciya. Yawancin macizai huhun dama kaɗai ke musu aiki, dangin mesa kuwa suna da biyun. Kowane jan numfashi na iya sako labule a gaban hoton. Sa'ar da aka yi ita ce maciji kan ja numfashi ya daɗe bai sake ja ba.

Ka ƙaddara mesa ce mai tsawon mita uku a kan tebur. Mutum ɗaya na riƙe da kai, biyu na riƙe da gangar jiki, ita kuma tana ƙoƙarin naɗe hannun na kusa da ita. Likita ya ɗora kan na'ura a gicciye a ƙasan zuciya, allo ya nuna wani da'ira ruwan toka yana matsewa yana sakewa a hankali, ka ce barci yake. Ya ja kan na'urar sama kaɗan wajen kai, sai ga zobba uku baƙaƙe jere: biyu girmansu ɗaya, na ukun ya ɗan fi su faɗi. Ya juya kan na'urar ya daidaita da tsawon jiki, ga zaurukan zuciya da ƙyaurensu na buɗewa suna rufewa. Daga nan ya koma gefe, ya leƙa ta tsakanin haƙarƙarin dama, sannan na hagu, don ganin abin da ba ya fitowa ta ciki. Tagogi uku ke nan na tsarin Faransawan. Babbar mesa na son kan na'ura mai karkarwa miliyan 5 zuwa 7 da rabi a daƙiƙa don sautin ya nutsa. Ƙaramin maciji mai zuciya kamar ƙwayar gyaɗa sai mai miliyan 10 ko sama, wanda ba ya nisa amma yana fayyace ƙananan abubuwa. Idan mai dafi ne, gamsheƙa ko kasa, sai a lallaɓa shi ya shigar da kansa cikin bututun roba mai garai-garai, a riƙe shi a bakin bututun yadda sashen zuciya zai rage a waje.

Samun hoton ke nan, kuma da haƙuri ana samu. Karanta shi ne aikin, domin likitan da ya koyi sana'arsa a kan zuciyar kare da kyanwa, idan ya ɗauki wannan ilimi yadda yake ya ɗora a kan maciji, lafiyayye ma zai ce masa majinyaci ne.

Zuciyar mutum gida ne mai zaure biyu da ɗaki biyu, da katanga a tsakiya daga sama har ƙasa. Jinin da ya gama zagaya jiki ya shigo zauren dama, ya faɗa ɗakin dama, a tura shi huhu ya ɗebo oksijin, ya dawo ta zauren hagu, ɗakin hagu ya watsa shi jiki ta babbar jijiya guda. Jinin nan biyu ba sa gaisawa. Kada ma ɗaki biyu gare shi. Maciji da ƙadangare da kunkuru kuwa zaure biyu ne, ɗaki ɗaya. Kafin zauren dama akwai wata 'yar rumfa inda manyan jijiyoyi uku ke zuba jinin da ya dawo, daga wajenta kuma bugun ke tashi. Hanyoyin fita uku ne maimakon biyu: manyan jijiyoyin jiki biyu, ta dama da ta hagu, da jijiyar huhu. Su ne zobba ukun da suka fito a allo ɗazu, mai faɗin ita ce ta huhu.

Ɗaki ɗayan nan ba fili ba ne fetal. Akwai guntayen katangu na tsoka da suka raba shi lungu uku. Masana sun ba su sunaye na Latin, ni zan kira su lungun hagu, lungun tsakiya da lungun huhu. Lungun hagu ne ke karɓar jinin da ya taho daga huhu, amma ba shi da ƙofar fita tasa. Manyan jijiyoyin jiki biyun a lungun tsakiya suke buɗewa. Jijiyar huhu na lungun huhu. Yanzu ga inda dabarar take. Lokacin da ɗaki ke cika, ƙyauren zaurukan biyu na buɗewa ciki, kuma a buɗewar tasu sai su toshe hanyar da ta haɗa lungun hagu da na tsakiya. Jan jini ya tsaya a hagu. Baƙin jinin da ya shigo daga zauren dama ya bi ta tsakiya, ya haye wani tudun tsoka, ya taru a lungun huhu. Da ɗaki ya fara matsewa ƙyauren su koma su rufe zauruka, hanyar da suka toshe ta buɗe, tudun tsokar nan ya manne da bangon da ke fuskantarsa ya killace lungun huhu. Baƙin jini ya tafi huhu, jan jini ya tsallako tsakiya ya fita jiki. Lungun tsakiya kamar siririyar gada ce mai ɗaukar mota ɗaya, na wannan ɓangare su wuce sannan na wancan. Kuma kamar kowace gada, wani kan makara: ragowar baƙin jinin da bai gama hayewa ba yakan bi ja zuwa jiki, ragowar ja kuma ya koma huhu.

Tsofaffin littattafan makaranta sun ɗauki wannan a matsayin zuciyar da ba ta kammala ba, kamar ginin da kuɗi suka ƙare kafin a gama katanga. Ban yarda da wannan kallo ba. Dabbar da ke iya riƙe numfashi na dogon lokaci, ko tana cikin ruwa ko tana fama da haɗiyar abin da ya fi kanta girma, ba ta da buƙatar ta riƙa tura duk jininta huhun da babu sabuwar iska a cikinsa, kuma wannan ginin na ba jini damar kauce wa huhu a irin wannan lokaci. Masana na ci gaba da jayayya kan ko kaucewar na da wata fa'ida ta musamman ko kuwa abu ne kawai da ba ya cutar da dabba mai ƙarancin buƙatar oksijin. Ko ma wanne ne, tsari ne da ya riƙe macizai shekaru miliyoyi.

Ga abin da wannan ke jawowa a allo. Na'urorin zamani na da fasahar Dofla, wadda ke gane gudun jini daga yadda sautin ke canjawa idan ya dawo daga abu mai motsi, kamar yadda jiniyar mota ke canja amo idan ta wuce ka. Tana shafa wa jinin launi: ja idan yana nufo kan na'ura, shuɗi idan yana nesanta. Launin bai da alaƙa da ko jinin na ɗauke da oksijin, abin da mutane da yawa ke kuskurewa ke nan. A jaririn mutum, in aka ga launi na tsallakawa daga wannan ɗaki zuwa wancan, an ga huda a zuciya, iyaye sun shiga tashin hankali. A maciji tsallakawar ita ce lafiya. Haka ruwa a jakar zuciya: a kare abin tsoro ne, a maciji ɗan kaɗan na nan dama can, sai ya yi yawa ne ake magana. Sannan ga awon ƙarfin bugu. Ɗakin hagu na mutum rami ne mai bango sumul, ana auna faɗinsa in ya cika da in ya matse, a ce yana fitar da kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke cikinsa. Ɗakin maciji kamar soso yake, yawancin jinin na shiga ne tsakanin zarurrukan tsoka, ramin tsakiya ɗan ƙarami ne. Ina za ka ɗora ma'auni a jikin soso ka ce nan bango ya ƙare?

Akwai wani abin ban haushi kuma. Mesa ce aka fi yi wa sikanin, saboda girmanta da rashin dafi da yawanta a hannun masu kiwo, kuma mesa ce ta fita daban a cikin macizai. Tobias Wang da abokan aikinsa a Jami'ar Aarhus ta Denmak sun nuna a 2003 cewa tudun tsokar mesar Bama na rufewa gam, har matsin jinin da ke zuwa jiki ya ninka na huhu sau da yawa, kusan irin yadda yake a mutum. Damo da guza ma haka suke. A yawancin sauran macizai matsin biyun kusan ɗaya ne a cikin ɗaki. Wato wadda aka mayar abin koyi ita ce bare a dangi. Nau'in macizai ya kai kimanin 4,000, waɗanda aka tattara musu awon lafiyayyu da za a kwatanta majinyaci da shi kuwa 'yan kaɗan ne, irin su mesar Bama, ƙaramar mesar nan tamu, da babban macijin Kudancin Amurka da ake kira bowa, wanda aka yi aiki a kansa a Birazil.

Ko a nau'i ɗaya ma lafiya ba fuska ɗaya gare ta ba. Maciji ba ya haɗa ɗumin jikinsa, daga waje yake aro. Ƙarin digiri 10 na zafi kan kusan ninka bugun zuciyarsa. Macijin da aka ɗauko daga kejinsa mai ɗumi, aka yi tafiyar awa guda da shi cikin sanyi, aka shigar da shi ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, aka lafta masa mai mai sanyi, zuciyarsa za ta fito a allo kamar mai shirin tsayawa alhali ƙalau yake. Girma ma na da tasa rawar. Akwai wani lissafi da likitocin dabbobi masu jan ciki ke amfani da shi, wanda ke ba mai kilo 1 bugu kusan 33 a minti, mai kilo 16 kuma kusan 17, in suna cikin ɗumin da ya dace da su. Tsoro da kokawar riƙo na ɗaga bugun. In aka ce a yi masa allurar barci don ya natsu, maganin ma na taɓa bugu da matsin jini. Maganin barci na shaƙa kuwa yakan daɗe bai kama shi ba, don sai ya riƙe numfashi jini ya kauce wa huhu. A lokacin tiyata wani ɗan ƙaramin kan Dofla ake manna masa a kan zuciya ana jin shuu, shuu ɗin jini a lasifika. Ko wannan ma sai da lura, domin zuciyar maciji na iya ci gaba da bugawa awanni bayan ƙwaƙwalwa ta mutu. Masu cewa an kashe maciji ba a sare kansa ba sun san halin dabbar.

Babu abin da ke birkita lissafi kamar abinci. Mesa na iya yin watanni ba ta ci komai ba, hanjinta ya tsuke, komai nata ya yi ƙasa. Ranar da ta haɗiyi abu babba jikin gaba ɗaya ke farkawa. Stephen Secor da Jared Diamond sun auna a shekarun 1990 cewa shan oksijin ɗin mesar Bama na iya ninkawa sau 40 da ɗoriya bayan ƙaton abinci. A 2005 wata tawaga a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, ƙarƙashin James Hicks, ta wallafa a mujallar Nature cewa nauyin ɗakin zuciyar mesar na ƙaruwa da kashi 40 cikin 100 a cikin awa 48 bayan cin abinci, ya koma yadda yake idan narkewa ta ƙare. Labarin ya ja hankalin likitocin mutane, domin zuciyar mutum ma na girma iri biyu, na ɗan wasan motsa jiki mai amfani da na mai hawan jini mai kisa. A 2011 ɗakin binciken Leslie Leinwand a Jami'ar Kolorado ya ba da rahoton cewa wasu nau'in kitse uku da ke ƙaruwa a jinin mesa bayan ci su ne ke kunna girman, kuma da aka ba ɓeraye haɗin ukun zuciyarsu ta girma ba tare da alamar cuta ba.

A shekarar dai, 2011, mutanen Aarhus suka ce su sun ciyar da mesar Bama da ƙaramar mesar Afirka ta Yamma, ba su ga nauyin zuciya ya ƙaru ba. Aikinta ne ya ƙaru, jinin da take turawa ya ninka, siffa kuwa na nan. Har yanzu maganar ba ta mutu ba. Wani ɓangare na rikicin daga hanyar awo yake: a kashe rukunin macizai masu azumi a auna zukatansu, a kashe wani rukunin da ya ci a auna, a kwatanta. Macizai daban-daban ake kwatantawa ke nan, kuma kowanne da girman zuciyarsa tun asali. A nan ne sikanin ke da abin bayarwa, tunda ana iya duba maciji guda kafin ya ci, da bayan kwana biyu, da bayan mako biyu, yana raye. Sai dai soson nan ya sake tare hanya. Zuciyar da ta cika da jini fiye da kullum za ta fito da girma a allo ko da tsokarta ba ta ƙaru ko kaɗan ba, kuma raba biyun a bangon da jini ke ratsawa ba ƙaramin aiki ba ne.

Duk da waɗannan tarnaƙi, na'urar ta kama cututtuka na gaske. A 1999 mujallar likitocin dabbobi ta Ostareliya ta kawo labarin wata mesa da ƙyauren zuciyarta ke yoyo har zuciyar ta gaza. A 2010 Schilliger da Chetboul da abokansu suka bayyana wata mesar Bama 'yar shekara 5 da aka kawo tana numfashi da ƙyar, ga ciwon huhu na ƙwayoyin cuta, Dofla kuma ta nuna jini na komawa baya ta ƙyaure biyu, na tsakanin rumfa da zaure da na tsakanin zaure da ɗaki. Ana ganin tsokar zuciya da ta saki ta yi laushi, ana ganin ƙwayoyin cuta da suka yi sansani a kan ƙyaure, da ruwan da ya cika jaka ya matse zuciya, wanda ake iya zuƙewa da allura ana kallon bakinta a allo. Ana ganin jijiyoyin da suka ƙandare suka yi fari saboda an cika wa dabba sinadarin kalsiyam da bitamin D. Akwai kuma farin garin nan da maciji ke fitarwa a madadin fitsari. Idan ƙoda ta gaza ko ƙishirwa ta daɗe, sai ya taru a gaɓoɓin ciki har da jakar zuciya, ya riƙa ƙyalli a hoto.

Matsalar ita ce ana kawo su a makare. Alamomin su ne kumburi a rubu'in farko na jiki, kasala, buɗe baki wajen numfashi, cikin baki ya yi fari ko shuɗi, da ƙin abinci. To dabbar da dama can kwana take a naɗe ba motsi, kuma tana iya ƙin abinci wata uku lafiyarta lau, yaushe mai ita zai gane kasala ce? Magungunan ma na aro ne daga kare da mutum. Furosemide, maganin da ke sa fitsari don rage ruwa a jikin mai ciwon zuciya, a mutum yana aiki ne a wani lanƙwasasshen sashe na bututun ƙoda wanda ƙodar maciji ba ta da shi sam. Ana ba da shi duk da haka, don an ga yana fitar da ruwa a wasu dabbobi masu jan ciki.

Shi ya sa gogaggen likita, in ya ga zuciyar mesa ta yi girma a allo, ba ya saurin rubuta magani. Zai ajiye kan na'ura ya tambayi mai ita yaushe rabonta da abinci, me ta ci, nawa ne nauyinsa, digiri nawa ne kejinta da rana da kuma da dare, ko ta kusa saɓa, ko tana ɗauke da ƙwai. In aka ce shekaranjiya ta haɗiyi zomo, zai ce a mayar da ita gida a hankali kada ta amayar, a hana ta ci, a dawo da ita bayan mako biyu a cikin akwati mai ɗumi, ya sake aunawa a daidai wurin da ya yi wa alama a ɓawon cikinta.